Ƙosai a Hular Mahmuda

Mahmuda mai faci, wanda rumfarsa ke bakin hanyar Kurfi a Dutsin-Ma, bai gaji gona ba, bai je Makka ba. Labari guda gare shi, kuma shekara talatin ke nan duk wanda ƙusa ta huda wa taya sai ya sha shi.

Yana sabon ango ya je Wurma gaida surukarsa, Inna Turai. Aka kawo ƙosai da zafinsa, ya ce a ƙoshe yake, don mai kunya ba ya ci gaban surukai. Tana shiga ɗaki, yunwa ta ce ita ba ta san wannan al'ada ba. Ya damƙi guda biyar, sai ga motsin takalminta. Ya zuba a hula ya kifa a kai. Ita kuwa ta zauna tana tambayar lafiyar danginsa ɗaya bayan ɗaya, man ƙosan na bin bayan kunnensa.

Ran nan Dakta Sirajuddeen, malamin adabi a jami'a, ya kawo taya. Ya ji labarin, ya tura shi wani zauren imel inda masana ke bin sawun tatsuniyoyi ƙasa-ƙasa. Bayan mako guda ya dawo baki har kunne.

"Malam Mahmuda, labarinka ya yi kasuwa! Wata farfesa ta ce akwai shi a Sudan, amma da wake. Wani ya ce na Turkiyya ya fi shekara ɗari huɗu. Har lamba suka ba shi."

"Lamba kamar babur? Dakta, a kaina fa aka yi!"

"Haka kowa ke cewa. Wannan ma sun rubuta."

Gaban 'yan acaɓa Dakta ya yi wannan magana. Kafin la'asar duk tasha ta ɗauka. "Baba Mahmuda, ya mutanen Turkiyya?" Dariya bai taɓa jin haushinta ba, amma yanzu maƙaryaci ake ce masa, kuma da ya buɗe baki sai a ce, "Mun ji, na aro ne."

Ya tuɓe hula ya nuna sanƙonsa, ya ce zafin ƙosan ne ya cinye gashin. Dakta ya ɗauki hoto ya tura. Amsa ta zo: sanƙon ma yana cikin labarin, a ƙasa shida.

Shaida ɗaya ta rage, Inna Turai, wadda tun ranar bai ƙara haɗa ido da ita ba. Ya goya Dakta a babur sai Wurma. Ya tsugunna daga bakin ƙofa, kai a ƙasa.

"Inna, dama maganar ƙosan nan ne na shekarun baya."

"Wane ƙosai?"

Mahmuda ya taɓa hularsa. "Na... na hula."

"Au, wannan! Ai ta labule nake leƙenka. Da gangan na ja gaisuwar, in ga iyakar kunyar taka. Kuma ka daina ce wa mutane biyar. Tara ne."

Dakta na ta danna waya, yana ƙunshe dariya.

"Sunanka zan sakaya, Malam Mahmuda. Haka ƙa'idarmu take."

"Ka sakaya wa? Rubuta Mahmuda mai faci, hanyar Kurfi. Ka ce musu tara ne. Na Turkiyyan nawa ya ɗauka?"