Sa Hannun Da Ba Nawa Ba

Kafin in zama abin nuni, ni mai zana allon shaguna ne a Samaru. Wani tsohon malamin zane da muke coci ɗaya, Baba Yohanna, ya ga aikina ya ce hannuna yana da kyau, amma idona bai buɗe ba tukuna.

Ya ɗauke ni ajinsa, ya ajiye mini hoton aikin wani shahararren mai zane da ya rasu, wata tsohuwa tana tankaɗen gari. Ya ce in kwaikwaya. A kan wannan tsohuwar na koyi haɗa launin fata, na gane ashe inuwa ba baƙa ba ce, na koyi shafa fenti kaɗan-kaɗan, in bari ya bushe kafin in ƙara. Da na gama, Baba ya daɗe yana kallo.

"Yanzu ka fara gani," ya ce. "Rubuta a bayansa cewa kwafi ne."

Ban rubuta ba. Na kai shi Sabon Gari a sa masa firam. Mai shagon, Oga Sande, ya duba ya ce, "Ɗan'uwa, wannan ai sa hannun mai shi kawai ya rage." Na yi dariya, amma kafin in bar shagon na sa sunan marigayin a kai. Muka turara shi da hayaƙi har ya yi kamar ya tsufa, aka saya a matsayin na asali. Daga nan na ci gaba da yin wasu.

Asirinmu ya tonu da wata mata ta kai wa ɗiyar marigayin zanen tsohuwar da ta saya, ta tarar da na gaskiyar rataye a falonta. 'Yan sanda suka fara da Baba, don kowa ya san da hoton yake koyarwa. A gaban ɗalibansa aka tafi da shi. Ina jin haka na ɓuya, na bar dattijo a tsare har aka kamo ni.

A caji ofis bai zage ni ba. Ya ce, "Ɗana, har da wannan na koya maka?" Na kasa ɗaga kai.

Na yi zaman gidan yari, na fito, na tuba ga Allah. Na je neman gafara, Baba ya yafe mini. Amma ya rufe ajinsa, bai sake yarda ya koya wa kowa ba.

Ku matasa masu baiwa, ku kwaikwaya don ku koya, amma kada ku sa sunan wani a kan aikinku. Ni na gama nawa hukuncin. Yaran da suka rasa malami saboda ni, har yau in na hango su, canja hanya nake yi.