Rigar Da Na Ƙi Ɗinka Wa 'Yata

Edita, ina gaisuwa. Ni tela ne, shekara talatin da 'yan kai ina taka keke a kasuwar Sabon Gari, gidana kuma yana Samaru. A lokacin da abin nan ya faru ni dattijon ikkilisiya ne, irin wanda in ya shigo majami'a sai matasa su gyara zama. Ina da zafin rai, ba zan ɓoye ba. Duk wanda ya yi tuntuɓe, ni ne farkon mai cewa a sa shi a horo. Horo kuwa a wurinmu shi ne a sanar da laifinka a gaban jama'a, a hana ka cin Jibin Ubangiji, ka koma zama a bencin baya har dattawa su ga tubarka. 'Ya'yan mutane da yawa na tura bencin nan, kuma ko a jikina.

Sai abin ya faɗo gidana. 'Yata ta fari, wadda ke aji biyu a jami'a, mai ba da waƙa a ƙungiyar mawaƙa, ta yi ciki. Yaron ya ce bai san zancen ba, ya bar gari. Ranar da uwarta ta gaya mini, in faɗi gaskiya, ba yarinyar na tuna ba, sunana na tuna, da yadda za a nuna ni da baki a kasuwa. A taron dattawa fasto ya ce a bi a hankali, ni na ce a sa ta a horo ranar Lahadin nan. Bai ishe ni ba, na dawo gida na fitar da jakarta ƙofa. Uwarta ta durƙusa tana roƙona, na daka mata tsawa na ce ko Allah ma da iyayenmu na fari suka yi zunubi bai bar su a gonar da ya ajiye su ba, korarsu ya yi. Yarinyar ta tambaye ni ina za ta je, na ce ta je inda ta samo.

Wata huɗu gidana ba daɗi. Matata ta ajiye mini tuwo ta tashi. Duk Asabar ina ganinta da kwano a ɗaure tana hawa mashin ta nufi unguwar Zabi, ina yi kamar ban gani ba.

Wata safiya sai ga tsohuwar da ke share majami'armu a shagona. Sa'ar uwata ce, 'yar zumuntar mata, ba ta iya karatu ba. Ta ajiye turmin atamfa da wata igiya mai ƙulle-ƙulle, don haka take kawo awo, ta ce in ɗinka mata doguwar riga sakakkiya ta mai juna biyu. Na ɗora igiyar a kan tef. Faɗin kafaɗa, tsawon hannu, tsawon riga. Tun rigar suna ni nake yi wa 'yata ɗinki, awonta ko ido rufe na sani. Ƙullin ciki ne kaɗai baƙo a wurina. Nan na gane a ɗakin tsohuwar nan a Zabi yarinyar take. Na tura mata atamfarta na ce ba zan ɗinka ba, na kuma maimaita mata hujjata ta kora daga gona.

Ba ta ɗauka ba. Ta ja benci ta zauna ba wanda ya ce ta zauna. Ta kira ni ɗanta, ta ce ita dai ji take in ana karantawa, ni ne mai ido, amma a jinta akwai abin da ya riga korar. Ta ce iyayenmu na fari suna tsaye suna rawar jiki da ganye a ƙugu, tun ba a yanke musu hukunci ba, Allah ya juya wurin macijin ya gaya masa zuriyar macen za ta ƙuje kansa, shi kuma ya sari diddigenta. Macen da ta faɗi yanzu-yanzun nan, daga cikinta Mai Ceto zai fito. Bayan haka ya yi musu riguna na fata, ya sa musu da kansa, sannan suka fita. Ta dube ni ta ce Allah dai bai kore su tsirara ba, ni kuwa ga ni tela. Ta bar atamfar ta yi tafiyarta.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni da na koyar da wurin nan sau ba adadi, mai shara ce za ta gyara mini? Na buɗe Littafin Allah don in samo abin da zan kayar da ita. Kai! Yadda ta faɗa haka yake. Alkawari ne farko, sai riga, sai kora. Duk Kirsimeti ni ke tsayawa in ce wa jama'a wannan ne alkawarin farko na zuwan Yesu, ashe a baki ya tsaya mini. A zuciyata na ɗauka zunubin 'yata ya fi ƙarfin alkawarin. Iyayenmu na fari sun fita ba su da komai sai maganar nan, ba su ga cikarta da idonsu ba, suka riƙe ta suka rayu. Ni da na san gicciye, na san kabarin ba kowa a ciki, ni ne na kasa dogara da ita. Na ji kunya irin wadda ban ji ba ranar da aka ce mini ta yi ciki.

A yinin nan na yanka atamfar. Kafin in gama ɗinkin sai da na karya allura biyu. Da yamma na kai rigar Zabi da kaina. Da 'yata ta gan ni ta yunƙura za ta durƙusa da cikin nan nata, na riƙe ta. Jawabin da na shirya a hanya duk ya gudu, abin da na iya cewa kawai ta shiga ta gwada. Ta fito, rigar ta zauna mata daidai, muka tsaya muna kuka. Ranar na dawo da ita gida.

Da Lahadi ta zo, na wuce kujerun dattawa na je bencin baya na zauna kusa da ita. Wasu dattawan suka ce bai dace da matsayina ba. Na ce musu ban ce a soke horo ba, zunubi zunubi ne, amma muddin ina numfashi ba ɗan da zai ƙara zama a bencin nan shi kaɗai. Tuni aka ɗage mata horon, ni kuwa har yau can nake zama, ko ɗan waye a kai.

Ba zan ce komai ya koma yadda yake ba. Jikata tana hawa cinyata tana wasa da tef, amma uwarta har yanzu ba ta sakin jiki da ni kamar dā, wata huɗun nan suna nan a tsakaninmu. Macijin ya sari gidana a diddige, kuma ni na taya shi. Amma an riga an ƙuje kansa, a kan wannan na tsaya, ba kuwa zan gaji da neman zuciyar 'yata ba. Iyaye 'yan uwana, musamman mu da ke zama a gaba, kada kunyar mutane ta sa ku tsallake alkawari ku kama kora. Igiyar tsohuwar nan tana rataye a jikin kekena, ban kwance ko ƙulli ɗaya ba.