Takardar da Alhaji Ya Cike da A'a

Shekarar da na fara binciken digirina na biyu, ina koyarwa a wata firamare a unguwar Gamboru, ina zaune ni kaɗai a ɗakin haya a unguwar Umarari. Aiki ya kai maigidana Kudu, sai ya yi wata uku bai leƙo ba. Batun da na zaɓa shi ne yadda ake gano yara masu baiwa a makarantun firamare, da abin da ya kamata a yi musu idan an gano su. Abokan aikina suka mai da ni abin tsokana. Ina shiga ofishin malamai wani zai ce, "Ga uwar haziƙai nan, yau guda nawa kika kamo?" Ni kuwa ban iya ɗaukar wasa ba, tun ina yarinya haka nake. Na mayar da baƙar magana sau biyu sau uku, sai aka daina tsokanata, aka kuma daina kirana cin abinci. Na koma cin ƙosaina a cikin aji lokacin tara, ni da kujeru.

Malamin jami'ar da ke duba aikina ya tsara mini hanya. Sai yaro ya haye matakai uku kafin a ce yana da baiwa: gwajin da zan yi masa, shaidar malamin ajinsa, da wata takarda da iyaye za su cike. Wanda ya haye duka ukun zai shiga wani aji na ranar Asabar da malamin ya samo wa ɗaki a GRA, mai littattafai da kwamfuta da malamai 'yan sa kai. Kujerun ajin kaɗan ne, makarantarmu kujera ɗaya tak aka ba ta.

Ranar gwaji na san ta wace ce kujerar. Wata siririyar yarinya ce 'yar aji biyar, mai zama can baya kusa da taga. Larabcin Shuwa take yi a gida, Kanuri a layi, Hausa a makaranta. Tambaya ashirin na ba su, ta cinye ashirin ɗin. A ƙarƙashin wata tambaya ta rabon ruwa a tankuna, ta rubuta da ƙananan haruffa cewa wannan tana da amsa biyu, ta kawo duka biyun. Na zauna da biro na sake lissafawa. Wallahi gaskiyarta ce, ni da na kwafo tambayar daga littafi ban lura ba. Ranar na koma Umarari da murna fal cikina, na rasa wanda zan gaya wa. Na kira maigidana, wayarsa a kashe.

Malamar ajinta, wata dattijuwa Kirista daga kudancin Borno wadda ta daɗe a unguwar, ta sa hannu nan take. Saura takardar iyaye. Tambayoyin cikinta ni na juya su zuwa Hausa da kaina: Shin ɗanka ya fi sa'o'insa saurin fahimta? Shin yana riƙe abin da ya ji sau ɗaya? Shin manya kan yi mamakin maganarsa? Kwana biyu yarinyar ta dawo mini da ita a ninke. Daga sama har ƙasa, a'a, a'a, a'a. Ga sa hannun mahaifinta a ƙasa, an danna biro har ya kusa huda takardar.

Iyaye da yawa haka suka cike tasu, amma ban tsaya na tambayi kaina dalili ba. Na kira malamin nawa. Ya ce ƙa'ida ƙa'ida ce, ba shaidar iyaye ba kujera, kuma Juma'a ta sama zai rufe jerin sunaye. Ina ajiye wayar na yanke wa uban hukunci: ga wani nan da ba ya son karatun 'ya mace. Raina ya yi ta tafasa har na kasa cin abinci.

Ranar Alhamis bayan la'asar na hau keke na tafi gidansu. Mahaifin dillalin shanu ne, iyayensa makiyaya ne kafin su zauna a gari. Na same shi a ƙofar gida ƙarƙashin darbejiya, kan tabarma, shi da abokan sana'arsa su biyar ko shida suna shan shayi. Ya miƙe da fara'a.

"Lale, Malama, lale. Shiga daga ciki, uwarta na nan."

"Wurinka na zo, Alhaji," na ce, ban ko zauna ba. Na zaro takardar gwajin na ɗaga ta sama. Na ce 'yarsa ta cinye ashirin cikin ashirin. Na ce shekara goma sha ɗaya ina koyarwa ban taɓa ganin ƙwaƙwalwa irin tata ba. Na ce har kuskurena ta kama. Duk wannan da murya sama, kamar mai talla, kuma ko tubarkalla ɗaya ba ta fito daga bakina ba.

Wani tsoho ya ajiye kofinsa yana ta maimaita "masha Allah, tubarkalla" ƙasa-ƙasa, kamar mai share abin da na zubar.

Alhaji ya ce a hankali, "Malama, yarinya ce kamar kowace yarinya. Ba ta fi kowa ba."

"Ta fi!" na ce. "Ta fi duk yaran unguwar nan, har da 'ya'yan waɗannan bayin Allah da ke zaune."

Ya dube ni ya daɗe. Ba fushi na gani a fuskarsa ba, tsoro ne. Ya ce, "Mu ko saniya ba ma yabonta a gaban mutane, Malama. Allah ya ba ki lada, sai anjima."

Washegari malamar ajin ta biyo ni har cikin ajina, ta ja kujerar yara ta zauna. Labari ya riga ya zaga unguwa. Ta ce, "'Yata, me ya kai ki? Mutumin nan shi ke saya mata littattafai, shi ke sa ta karanta masa labarai da yamma. Takarda kuma hannu nawa za ta bi, ido nawa zai gan ta? Ta yaya zai rubuta da hannunsa cewa 'yarsa ta fi 'ya'yan mutane? Bakin mutane yake tsoro. Da kin shiga ciki kin gaya wa uwar a kunne, da tuni an gama. Da kin tambaye ni ai da na gaya miki." Abin haushin, na san da wannan duka. Mahaifiyata har ta rasu ba ta taɓa yabona a gaban baƙo ba. Na cika kaina da littattafan wasu ƙasashe har na manta gidan da na fito, kuma na ɓata da duk wanda zai iya tuna mini.

Ranar Litinin yarinyar ba ta zo ba. Zazzaɓin cizon sauro ne, damina ce, rabin ajin ma sun yi shi. Amma a gidansu ba wanda ya ɗora wa sauro laifi. Mako biyu tana kwance, har da ƙarin ruwa. A kwanakin nan ina tashi daga makaranta sai ɗaki, in zauna in zuba wa takardar gwajinta ido. Ba ni da wanda zan ce wa ina jin tsoro, kuma tsoron nake ji sosai.

Na roƙi malamin nawa har ya gaji da ni. Ya ce to, zai riƙe kujerar. Idan uban ya amince ko da baka ne ba a rubuce ba, kuma yarinyar ta sake wani gwajin ta ci kamar na farko, zai ɗauke mata takardar iyaye. Na sayi lemo da ayaba na koma gidan, wannan karon na shiga ciki, na durƙusa na ba uwar da kakar haƙuri. Kakar ko kallona ba ta yi ba. Alhaji ya shigo, ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ya wuce, Malama. Idan ta ci, ta je. Ni ban hana ta ba." Na fito ina jin kamar an sauke mini buhu daga ka.

Da ta dawo makaranta ta ƙara ramewa, hijabin ya yi mata yawa. Na bari ta kwana biyu, sannan na zaunar da ita a ajina lokacin tara, ni da ita kawai, na ba ta sababbin tambayoyi ashirin. Ta daɗe fiye da wancan karon. Ina ganinta tana rubutu tana gogewa, na ce a raina ciwo ne bai gama sakinta ba.

Ta miƙo, na duba a gabanta. Goma daidai, goma kuskure. Na kai takardar kusa da taga. A ƙarƙashin kowace amsar kuskure ana iya ganin sawun ta daidai, wadda ta fara rubutawa ta goge.

"Mene ne wannan?" na ce. Na ji muryata na tashi, na danne ta. "Kin san amsoshin nan. Kin san kujerar nan taki ce idan kin ci?"

"Na sani, Malama."

"To don me?"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta. "Kakata ta ce idan mutane suka sake magana a kaina zan sake kwanciya. Allurar nan da zafi, Malama. Kuma Baba ya yi kuka, na gan shi. Na duba, masu samun goma ba wanda yake kallonsu."

Na so in ce sauro ne, na so in ce ba ruwan baki, amma ni ce wadda ta yi maganar, kuma ita ce wadda ta kwanta.

Ta ɗago ta dube ni da gaske, irin duban ɗalibar da ke son ta tabbata ta yi aikinta da kyau.

"Malama, goman ya yi daidai, ko in ƙara rage ɗaya?"

Na ce mata ya yi daidai. Ta yi murmushi, ta ɗauki jakarta ta ruga wurin ƙawayenta, ni kuma na ɗauki jan biro na rubuta goma a gaban lambarta a jerin ɗaliban bincikena.