Injin da Na Bari a Kalgo

Lokacin da na sayi a-kori-kurata ƙirar Jafan, a tashar Gwandu babu mai irinta. Kowa motar Faransa yake ja, kuma kowa ya yarda ita ce mota. Ranar da na shigo da tawa, fara sol, wani ɗan kamasho ya ƙwanƙwasa ƙofarta da yatsa, ya kara kunne, ya ce, "Maigida, ka shanye madarar ne, ko da ita aka sayar maka?" Aka fashe da dariya. Na fi shekara ana kiran motata gwangwani.

Wanda ya sa na saye ta wani bakanike ne a Kalgo, mutumin Zuru, wanda ya daɗe zaune a cikinmu. Injiniya muke ce masa. Da ƙuruciyarsa ya yi aiki a Kaduna wurin masu sayar da irin waɗannan motoci, shi ya sa ya san cikinsu. Shi ya gaya mini wai kamfanin da injin saƙa ya fara kafin ya koma ƙera mota, kuma har yanzu awonsu na masu zare ne, ba sa barin ko ɗan gibi. Ya ce in zan ba ta baƙin mai mai kyau a kan lokaci, in daina ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, to ni zan gaji kafin ta gaji.

Bai yi ƙarya ba. Na ɗebi albasa da ita, na ɗebi shinkafa daga fadamar Wurogauri, na bi yashin hanyar Dodoru da rani da caɓinta da damina. Da safe makulli ɗaya take tashi, wasu kuwa sai an tura. Mai kaɗan take sha. Shekara biyar ba a buɗe injinta ba. Masu dariyar nan ɗaya bayan ɗaya suka riƙa jawo ni gefe suna tambayar inda ake samunta.

Cikin waɗanda suka saya har da aminina na Kalgo. Tare muka yi karatun allo, tare muka bar firamare a aji ɗaya, gidansa ne masaukina duk ranar kasuwa. Tasa ta hannu ya saya, ga shi da son lodi, ga shi duk man da ya samu a bakin hanya shi yake zuba mata. Ba a daɗe ba ta fara tari da hayaƙi. Lokacin kuwa kayan gyara sun yi wuya a ƙasar nan, injin sabo ko labarinsa ba a ji.

A shekarar nan Allah ya kira ni Makka. A wurinmu mai tafiya hajji yakan zaga neman gafara, ya kuma danƙa abin da ya fi ƙauna a hannun wanda ya fi yarda da shi. Na ce wa aminina motata za ta zauna a garkarsa, wato ƙofar gidansa, har in dawo, ya ce ko ƙuda ba zai sauka a kanta ba. Na kai ta wurin Injiniya ya juye mai ya duba birki tukuna. Tana can aka yi sanarwa a rediyo cewa maniyyatan yankinmu su hallara a Sakkwato. Ban samu komawa Kalgo ba. Na aika wa Injiniya cewa in ya gama ya kai ta gidan aminina da kansa. Ka ga kenan motar ta bi hannu biyu a bayana.

Da na dawo, bayan an gama zuwa yi mini barka, na je Kalgo. Aminina ya yaye tamfol, ga mota an wanke ta tana ƙyalli, an ɗora ta a kan duwatsu don kada tayoyi su lalace. Ya miƙo makulli ya ce, "Alhaji, buɗe ka duba kayanka."

Na ce, "Haba, in duba mi? A hannun wa na bar ta?"

Haka ake yi. Wanda ya karɓi amanarsa daga hannun amini ba ya bincika ta a gabansa, yin haka zagi ne. Shi ma ya san ba zan buɗe ba.

Tun kafin in fita Kalgo na ji muryarta ta sauya. A hawan farko ta nemi giya ta biyu, inda da a ta uku take wucewa da buhu cike da baya. Na duba madubi na ga hayaƙi shuɗi yana bin mu. Washegari na juyo da ita wurin Injiniya raina a ɓace. Ya ɗaga bonet, ya tsaya, ya daɗe bai taɓa komai ba. Sannan ya goge hannunsa da tsumma duk da ba abin da ya taɓa.

Ya ce, "Alhaji, wannan ba injinka ba ne."

Na ce, "Na wa ne?"

"Ni dai da injinka na kai ta inda ka ce in kai. Ɗauko takardarka, ka gwada lambar da ke ciki da wadda ke nan. In ka gama, ka je ka duba wata motar."

Na gane motar da yake nufi, kuma nan take na ji jinina ya hau. Baƙo, mai dattin hannu, yana nuna mini mutumin da muka sha fura a ƙwarya ɗaya tun muna yara. Na rufe bonet da ƙarfi na tafi wurin aminina, na gaya masa komai. Ya yi salati, ya riƙe haɓa. Ya ce shi ma ranar da aka kawo ta ya ji ƙararta wani iri, amma ya ƙi ɗaga mini hankali ina ƙasa mai tsarki. Ya ce, "Kai ma dai, kwana nawa ta yi a garejinsa? Wa ke da sarƙar ɗaga inji a garin nan in ba shi ba?" Na ce ai ina jin taka ta daina tari. Ya ce sabon ringin fistan ya samo a Birnin Kabi aka sa wa injinta. Na yarda, domin yarda ta fi mini sauƙi.

Ranar kasuwar Kalgo, da hantsi, tasha cike da direbobi, na tsaya a bakin garejin Injiniya na ɗaga murya. Na ce duk mai son injinsa ya kwana a motarsa kada ya bar ta a nan. Na ce na tafi ɗakin Allah ya cuce ni. Na faɗi abin da ya shafi garinsu da iyayensa, wanda ba zan maimaita ba. Yana ƙarƙashin wata mota, ya fito ya zauna a kan tsohuwar taya, ya ce, "Alhaji, ka duba ɗayar motar?" Na juya na tafi. Sabon alhaji ne ni da haƙorin Makka a baki, maganata ta fi tasa nauyi.

Cikin wata biyu garejin ya bushe. Waɗanda shi ya koya musu son motar Jafan suka riƙa wuce shi suna kai gyara Birnin Kabi. Ni kuma na haɗa har da motar a cikin fushina. Duk wanda ya nemi shawarata sai in ce masa ƙirar Jafan daɗinta na ɗan lokaci ne, da ta tsufa shi kenan. Na san ba haka ba ne, amma kullum ina bakin hanya da bonet a buɗe, dole in zagi wani abu. Daga baya na rabu da ita, na koma noma da ɗan sayen albasa. Motar aminina kuwa sai ƙara lafiya take yi, har ana misali da ita a tasha. In ana yabon mutanen Jafan, ita ake nunawa.

Shekaru suka tafi. Aka ba mu jiha tamu. Ɗan aminina ya nemi 'yata ta biyu, suna son juna, muka ɗaura aure, ta haifa masa biyu. Amini ya zama suruki.

Wata kaka na je fadamar Wurogauri ɗaukar shinkafata, aminin nawa ya zo da motarsa zai kwasar mini. A hanyar fita bel ɗin fanka ya tsinke. Ya buɗe bonet ya ce in riƙe masa sandar da ke tokare shi, shi ya zaga baya neman igiya. A duk shekarun nan ban taɓa tsayawa a kan injin motarsa ba. Na sunkuya. A gefen murfin injin akwai wata 'yar loɓawa kamar gurbin babban yatsa. Ni na yi ta. Wata rana a hanyar Dodoru kunama ta fito daga wurin ina duba mai, na kai mata duka da sifana, na same ta na kuma sami murfin. Na tofa yawu a yatsa na goge wurin lamba. Karatuna ba shi da yawa, amma lambar da 'yan sanda suka shekara biyar suna tambayata a shinge ba ta fita daga kaina ba.

Ya dawo da igiya ya same ni a haka. Ya dubi yatsana, ya dubi fuskata.

Na ce, "Wanga ringin na Birnin Kabi ya yi ƙarko."

Ya sunkuya kan fanka. Can ya ce, "Na so in mayar kafin ka dawo. Aro na yi, Alhaji, kaka ce ta matso, ga lodi ga mota kwance. Jirginku ya riga lissafina."

"Da na dawo fa?"

"Da ka dawo ka riga ka yi magana a tasha."

Wato ni na rufe masa hanya. Haka ya faɗa, yana ɗaura igiya a fanka. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ka tuna akwai yara tsakani." Muka shiga mota muka taho. Daga Wurogauri har gida ina zaune a gefensa ina jin injina yana ja, lafiya lau, kamar ranar da na bar shi.

Na yi kwana uku ban iya cin tuwo sosai ba. A na huɗu na nemi Injiniya. Ya bar bakin tasha tuntuni, yana wata rumfa a bayan gari yana gyaran injin ban ruwa da na niƙa. Gemunsa ya yi fari. Na durƙusa a gabansa, ni da na girme shi, na gaya masa abin da na gani.

Bai yi mamaki ba. Ya ce tun a makon ya san inda aka yi aikin, a wani gari, da kuma wanda aka ɗauko ya yi. Na ce me ya hana shi faɗa. Ya ce, "Na faɗa maka. Sau biyu."

Na roƙe shi gafara. Na ce ya faɗi abin da zan yi masa.

Ya ce, "Ba na son komai naka. Inda ka tsaya ka yi waccan maganar, ka koma can ranar kasuwa ka yi wannan. 'Ya'yana a garin nan suke girma, har yau ana ce musu 'ya'yan mai cire inji. Ba sai ka zagi kowa ba. Ka dai faɗi inda injin yake."

Na ce in Allah ya yarda zan yi.

Ranar kasuwa na yi wanka na sa babbar riga na tafi Kalgo. Tun a mota nake shirya maganar. Na isa tasha da hantsi, cike take kamar wancan karon. Na hango Injiniya tsallaken titi, ya bar aikinsa ya zo ya tsaya a inuwar wani kanti, hannu a baya. Surukina kuma yana kan benci a tsakiyar direbobi, da jikata ta fari a kan cinyarsa, ya kawo ta kasuwa sayen takalmi. Tana ganina ta sauko da gudu ta riƙe mini riga. Ya matsa ya ba ni wuri, ya ɓare goro ya miƙo mini rabi. Idan na buɗe baki, 'yata ba za ta sake kwana a gidan nan da daɗi ba, na san wannan. Na kuma san mutumin da ke tsallaken titi ba shi da wanda zai yi magana dominsa sai ni.

Na karɓi goron. Aka tambaye ni yadda albasa take a Gwandu, na ba da amsa, na tsawaita. Da na sake duba tsallaken titi, babu kowa a inuwar.

Kafin damina Injiniya ya kwashe iyalinsa ya koma Zuru. Na aika masa saƙo sau biyu ta hannun direbobi, ba a kawo mini amsa ba. Waɗanda suka ji ni a tasha ranar da na zage shi yawancinsu sun rasu, kuma da abin da na gaya musu suka tafi.