Hannun da na ƙi ba kawuna

Shekarun baya, lokacin da aka rufe iyaka, ina koyarwa a wata lakkwal, wato makarantar boko, a Hawandawaki. Ni ne mai babbar waya a fadarmu ta hira da shan shayi, don haka duk saƙon muryar da ya shigo ni nake kunna wa jama'a, in ƙara da sharhi kamar da ni aka yi taron. Kullum magana ɗaya ce: gwamnatin tsallake ta gama shirin auka mana, ta baza 'yan leƙen asiri a kasuwanni. Ban san mai muryar ba. Ban kuma taɓa tambaya ba.

Ana cikin haka ciwon mahaifiyata ya tsananta. Ƙanenta, wanda ke zaune can tsallaken iyaka, ya ji labari, ya hau moto, wato babur, ta hanyar daji ya taho, ga shi da ciwon ƙafa. Na tarar da shi a zaure, ya miƙo mini hannu. Na dubi abokaina biyu da ke bayana, na ƙi karɓa. Na tambaye shi wa ya aiko shi.

Ya sauke hannunsa. Sannan ya ce, "Ɗana, mu ma can an ce mana gwamnatinku ce ke turo masu kashe mu. Har 'ya'yana sun hana ni zuwa. Ni dai yayata na zo gani."

Kwana biyu ya yi a gefen tabarmarta yana ba ta kunu da cokali. Ni kuwa ina kewaye gidan, ina lura da wanda yake magana da shi. Mahaifiyata ta gane. Ba ta yi faɗa ba, ta dai riƙa juya fuskarta bango duk lokacin da na shiga.

Ta samu sauƙi, ta yafe mini. Yaƙin bai zo ba. Na yi ta cewa idan hanya ta buɗe zan je in durƙusa gaban kawuna. Kafin ta buɗe, Allah ya karɓi abinsa.

Har yau ban san abin da gwamnatocin nan suka ƙulla ba, wataƙila ma akwai gaskiya a ciki. Abin da na sani shi ne, kawuna, mutumin da ya raɗa mini suna, ya miƙo hannu, na bar shi a sama saboda muryar wanda ban taɓa ganin fuskarsa ba.