Koci Garba Bai Ce Mubarak Ya Tafi Ba

Da safiyar nan labarin ya same ni. Ina bakin gida zan tada mashin, waya ta yi ƙara, na ga sunan Usman, babban ɗan Koci Garba. Ban gama amsa sallama ba ya ce, "Yaya Bashir, Baba ya rasu."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Zama na yi a kan dakali.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Garba shi ne kocinmu na ƙwallon kwando a filin nan na Nassarawa GRA, wanda darbejiya ta zagaye. Duk wanda ya taɓa buga kwando a Tudun Wada, Gama ko Giginyu, ko dai ya bi ta hannunsa, ko ya bi ta hannun ɗalibinsa. Ni tun ina sakandare nake tare da shi, daga ɗan wasa har na zama mataimakinsa.

Ranar da na fara zuwa filin da silifas na je. Koci ya dubi ƙafata. Washegari ya zo da nasa kambas a leda, ya cusa jarida a ciki saboda ya yi min yawa, ya ce, "Sa ka shiga, kana ɓata mana lokaci."

Lokacin da mahaifiyata ta kwanta a asibiti, shi ya riƙa kai ni a tsohuwar motarsa bayan an tashi tirenin. Ba ya shiga ciki. A mota yake jira har in fito.

Amma fa mutum ne mai wuyar yarda. Ka faɗa masa tsayinka, ya jingina ka da bango ya auna. Ka faɗa masa shekarunka, ya tsaya yana kallon haɓarka. Ka ce ƙafarka ta warke, ya ce yi tsalle in gani. Muna yi masa dariya a bayan ido, muna cewa ko kwandon ma bai yarda da shi ba.

Akwai maganar da ta sa nake wannan rubutu yau yau, tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Ku yi min haƙuri.

Muna da wani matashi, Mubarak, ɗan Gama. Bana ya gama sakandare. Foyin gad ne, wato mai riƙe ƙwallo yana raba wa sauran, shi ke tsara yadda wasa zai tafi. Wurin da ni ma na buga ke nan a zamanina. Mahaifinsa, Malam Sabo, direba ne a wani gida a nan GRA.

Kwanakin baya wani mutum ya zo filin a mota mai baƙin gilashi, yana ƙamshin turare. Ba zan kama sunansa ba. Ya ce shi ejan ne, wato dillalin 'yan wasa, wai wata kwaleji a Amurka ta ga bidiyon Mubarak, suna neman foyin gad, za su ba shi gurbin karatu kyauta. Abin da ake buƙata kawai shi ne a ba shi fasfon yaron, kuma a ɗan rage masa shekaru a takarda.

Yaran fili suka hau ihu, suka ɗaga Mubarak sama.

Koci bai motsa daga kujerarsa ba. Ya miƙa hannu ya karɓi wayar mutumin, ya kalli bidiyon har ƙarshe. Gajere ne, duk jifa a kwando, duk fas mai kyau, ga kiɗa a ƙarƙashi.

Ya ce, "Ina sauran wasan?"

Ejan ya ce, "Koci, ai wannan ne suke son gani."

"Ni kuwa ina son in ga abin da yake yi bayan ya yi kuskure. Wace kwaleji ce?"

Mutumin ya faɗi wani suna da sauri, ba wanda ya kama.

"Kira min kocinsu mu gaisa. Ina jin Turanci."

"Ai yanzu dare ne a can, Koci."

Koci ya ɗaga kai ya dubi rana. Ya ce, "La'asar ce a nan. Can hantsi ne." Ya mayar masa da wayarsa.

Daga ranar magana ta fara yawo. Wai Koci baƙin ciki yake yi. Wai don shi bai taɓa fitar da kowa waje ba, shi ya sa yake tare wa yaro hanya. Na ji da kunnena a wurin mai shayi, daga bakin mutanen da shi ya koya musu riƙe ƙwallo. Mubarak kansa ya ɗauke ƙafa daga fili na ɗan lokaci, da ya dawo kuma gaisuwarsa ta yi sanyi. Malam Sabo ya rasa wanda zai bi. Ya ce min, "Malam Bashir, ni ban san kwando ba, mota na sani. Duk abin da Koci ya ce shi zan yi, amma yaron nan ba ya cin abinci."

Haɗuwarmu ta ƙarshe da Koci ranar Asabar ce.

Ya zo a makare, yana tafiya a hankali, ya ce ƙirjinsa ne ke ɗan riƙe shi. Na ce ya koma gida. Ya ce in kawo masa kujera bakin layi.

Ya haɗa Mubarak da ƙananan 'yan wasa, ya sa manyanmu a ɗaya ɓangaren. Ya kira mai tsaron Mubarak ya raɗa masa, "Rufe masa dama. Ka tilasta shi hagu, kada ka ji tausayinsa."

Suka fara. Da farko yaron ya sha wuya. Aka ƙwace masa ƙwallo, aka sake ƙwacewa, ya juya yana ƙorafi. Can sai ya nutsu. Ya daina ƙoƙarin wucewa da ƙarfi, ya fara sakin ƙwallo da wuri. Akwai wani fas da ya buga a ƙasa ta tsakanin mutum biyu, zuwa wurin da babu kowa. Na buɗe baki zan yi masa faɗa, sai ga ƙaramin cikinsu ya iso wurin daidai da ƙwallon, ya ɗora a kwando.

Koci bai tafa ba. Ya ce min, "Zauna nan."

Na durƙusa kusa da kujerarsa.

Ya ce, "Ka tuna Habu Lantarki?" Habu shi ne foyin gad ɗin da ya gabace ni, wanda har yau tsofaffin fili ke ba da labarinsa. "Habu ya fi yaron nan gudu. Amma Habu in ya tashi ba ya ganin kowa, shi da kwando ne kawai. Nura Bahago da shi ma ya yi mana foyin gad ya fi yaron hannu, ta ko'ina ka tare shi zai fita, sai dai in wasa ya yi zafi ɓuya yake yi. Kai kuma ka fi shi haƙuri."

Na jira ya ƙara. Ya ce, "Shi ke nan abin da ka fi shi."

Na yi dariya, shi ma ya murmusa, tari ya ɗan sarƙe shi.

Ya ce, "Hagunsa ba ta nuna ba. In ya gaji yana sunkuyar da kai yana kallon ƙwallo. A tsaro miƙewa yake kamar mai jiran adaidaita. Kuma yana da baki, alƙalin wasa zai gaji da shi. Duk wannan ana gyarawa. Amma ido, Bashir, tun da nake ban taɓa samun mai idonsa ba. Yana ganin inda mutum zai je tun mutumin bai yanke shawara ba. Wannan ban koya masa ba, ban kuma iya koya wa kowa ba."

Na ce, "To zai iya buga kwaleji a can?"

"Zai iya. Shi ya sa nake tsoro. Da ba shi da kyau, wa zai zo neman fasfonsa?"

Na ce, "Koci, me zai hana ka faɗa masa? Yaron nan gani yake ba ka son ci gabansa."

Ya ce, "In na yabe shi yau, gobe da sassafe zai kai fasfon. Bar shi ya ji haushina. Kada ya tafi sai ka ji muryar kocin can da kunnenka. Kuma da shekarun da Allah Ya ba shi zai tafi. Wanda ya fara da cewa ka yi ƙarya, a can ma ƙaryar zai riƙe ka da ita."

Aka kira magariba, ya ce a tashi. Na raka shi mota. Ban sake ganinsa da rai ba.

Yau, tun ba a gama yi masa wanka ba, ejan ɗin nan ya saka hotonsa da Koci a shafinsa. Ya rubuta ta'aziyya mai tsawo, a ƙarshe ya ce wai marigayin ya sa wa tafiyar Mubarak albarka kafin ya cika, wai burinsa na ƙarshe ke nan.

Ina wurin aka ɗauki hoton nan. Ranar da ya fara zuwa ne, tun bai faɗi abin da ya kawo shi ba.

Bai zo jana'iza ba.

A maƙabarta, bayan an rufe, Malam Sabo ya ja ni gefe. Ya ce, "Malam Bashir, mutumin nan ya kira ni ɗazu. Ya ce Koci ya amince, in kawo fasfo gobe kada gurbin ya wuce. Don Allah gaskiya ne?"

Na faɗa masa duk abin da na rubuta muku a sama, ban rage komai ba. Ashe Mubarak na tsaye a bayanmu, hannunsa duk ƙasa.

Ya ce, "Yaya Bashir, Koci ne ya faɗi haka a kaina?"

Na ce, "Shi ne."

Ya durƙushe a wurin ya rufe fuska da rigarsa. Mahaifinsa ya dafa kansa, ya dube ni ya ce, "Fasfo yana wurina. Ba inda za shi."

Ni ban ce mutumin nan macuci ne ba, don ban sani ba. Wataƙila kwalejin tana nan. Bayan mun dawo na tura masa saƙo, na ce ya ba ni lambar kocinsu mu yi magana ko ta bidiyo ce, a gaban mahaifin yaro. Ya karanta. Bai amsa ba. Da na sake duba shafinsa, ya cire hoton.

Ya Allah, ga bawanka Garba ya zo gare Ka. Ya riƙe 'ya'yan mutane da amana, ya yarda a zage shi don ya kare su. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa makwancinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba matarsa Hajiya da Usman da ƙannensa juriyar wannan rashi. Ka buɗa wa Mubarak hanya mai tsabta.

Duk wanda ya karanta har nan, ko bai taɓa riƙe ƙwallo ba, don Allah ya ɗaga hannu ya sa Koci Garba a addu'a.