Veit mai taka zugazugin ogan

Shekara talatin da ɗaya Veit ya yi yana taka zugazugi a bayan ogan, babban abin kiɗa mai bututu, a cocin garinmu da ke yankin Saksoni, kuma ko rabin masu zuwa ibada ba su san fuskarsa ba. Sunan Maigida Roscher, mai tsara kiɗa, shi ya kai har fadar sarakuna. Amma duk ƙasaitar kiɗansa, sai Veit ya hau katako ya danna shi da nauyin jikinsa iska ke shiga bututun.

To, nauyin ne ya gudu. Zazzaɓin hunturu ya tsotse shi, ya bar ƙashi da gemu. Dattawan coci, waɗanda ba su taɓa ɗaga abin da ya fi cokali ba, suka ce in iska ta yanke ko sau ɗaya ranar Ista, za su ba wani aikin. Ɗakin ƙarƙashin hasumiya kuwa, inda yake zaune da matarsa Barbel, na mai aikin ne.

"Kazar maƙwabta ta fi ka nauyi," in ji Barbel. Ta ciro dutsen da take danne kabeji da shi a ganga, ta ɗinke shi a jaka, ta ɗaura masa a baya.

"Yanzu warin kabeji zan kai ɗakin Allah?"

"Kai dai taka, malam."

Ranar Ista coci ta cika. Roscher ya ja igiyar 'yar ƙararrawar da ke nufin a fara, Veit ya hau. Katako ya sauka lafiya lau. Abin da ba su lissafa ba shi ne, duk saukar da ya yi sai ya sake hawa, da dutsen. Kafin tsakiyar kiɗa dutsen ya fara cin ƙarfinsa.

Bai iya karatun takardar kiɗa ba, amma ƙafafunsa sun san halin Roscher: a ƙarshe yakan buɗe bututu duka ya riƙe sauti har tagogi su girgiza. Ga shi ya buɗe. Zugazugi ya shiga zuƙe iska kamar rami. Veit ya taka, ya hau, ya taka, igiyar jaka na yankar kafaɗarsa. A hawa na gaba ƙafar ta ƙi ɗaguwa. Ya ji sautin ya ɗan karkace, kaɗan ƙwarai.

Sai kiɗan ya tsaya cak, tsaf, kamar da ma nan ne ƙarshensa.

Yana zaune a ƙasa yana haki ya jiyo babban dattijo a matakala yana cewa, "Kamar an gajarta, Maigida?"

"Haka na rubuta shi," in ji Roscher, mutumin da ya taɓa jifan mawaƙi da takalmi kan kuskuren sauti ɗaya.

Da dattijon ya sauka, Roscher ya leƙo bayan ogan, ya yatsina hanci.

"Ka ci mini layi huɗu, tsohon banza."

"Da ma sun yi yawa, Maigida."

Roscher ya daɗe yana dubansa. Ya zaro alƙalami ya soke layukan daga takardar kiɗan a gabansa. Veit ya ƙara shekara shida a ɗakin nan, kuma a can ya mutu.